Ranar da Kwamfutar Gwani Ta Ƙi Intanet

Akwai wani mai shagon zanen katin biki da buga takardu, wanda mutanen layinsu suke kira Gwani. Ba don sun yarda da gwanintarsa suka sa masa sunan ba. Shi dai ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ko fanka ce ta tsaya, ko famfo ne ya ƙi ruwa, Gwani yana da bayani, kuma bayanin kullum a kan wani yake ƙarewa.

Matarsa ta san halinsa kamar yadda ta san tukwanenta. Mace ce mai aiki, ba mai yawan baki ba. Shagon a jikin gidan yake, ita ke share shi kowace safiya kafin maigidan ya fito.

'Yarsu ta ƙarshe, Auta, ta gama karatun ungozoma. Jarrabawa ɗaya ta rage mata ta samu lasisin aiki, kuma wani asibiti ya riga ya ce zai ɗauke ta idan ta kawo shi. Jarrabawar ta intanet ce, a kwamfuta ake yin ta, waya ba ta yi. Da safe ake buɗe ƙofar shiga na ɗan lokaci, wanda bai shiga ba sai baɗi.

Auta ta so ta yi ta a wurin kawunta, ƙanen uwarta, wanda gyaran kwamfuta ne sana'arsa.

"Kina da uba mai kwamfuta, ki je ki zauna a shagon wani?" in ji Gwani. "So kike a ce tawa ta ado ce?"

Auta ta haƙura. Ta sa manhajar jarrabawar a kwamfutar shago tun da sauran kwanaki, ta gwada, ta ga tana aiki lafiya lau.

Ranar jarrabawa uwar ta tashi da wuri, ta share shago, ta goge tebur, ta ajiye wa 'yarta ruwan sha a gefe. Auta ta zauna, ta yi bisimilla, ta danna manhajar.

Allon ya yi ta juyi. Can sai ya rubuta cewa ba a iya kaiwa ga intanet ba.

Ta sake dannawa, amsar ba ta canza ba. Uwar ba ta iya karatun boko ba, amma ta iya karanta fuskar 'yarta.

"Baba, ta ƙi shiga," in ji Auta.

"Matsa nan," in ji Gwani. "Ku yaran yanzu, abu kaɗan sai rawar jiki."

Ya kashe akwatin intanet ya kunna. Ya zare wayar da ke jikin akwatin ya hura mata iska ya mayar. Ya duba wayarsa ta hannu, saƙonni suna shigowa. Ya duba ta Auta, ita ma haka. Alamar intanet a kwamfutar cike take, amma duk abin da ya buɗe sai ya ƙi. Ya ce data ce ta ƙare, ya ƙara, ba ta canza zani ba.

"Baban Auta, a kira kawunta mana," in ji matar a hankali.

"Wa? Yaron da nake aike ya sayo min katin waya? Shi zai koya min kwamfutata?"

Daga nan ya juyo ya kafa mata ido.

"Tsaya ma tukuna. Wa ya goge teburin nan yau?"

"Ni ce, kamar kullum."

"To ga shi nan. Sau nawa zan ce miki wannan ba murhu ba ne? Kin ja wani abu, kin tsinke wani abu, kin zo kin tsaya kamar ba ke ba."

Muryarsa ta fita har titi. Tela na kusa ya leƙo da tef a wuya. Mai aski ya bar mutum da rabin kai ya zo. Gwani ya ga an taru, sai ya ƙara ɗaga murya.

"Ku gani fa. Uwa ce ta kashe wa 'yarta jarrabawa da tsumman goge-goge. Jahilci ba ƙaramin ciwo ba ne."

Matar ta tsaya kamar an dasa ta. Shekara da shekaru tana haƙuri da bakinsa a cikin ɗaki, amma bai taɓa yi mata haka a gaban maza ba. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ta fara yarda. Ta shiga tuna inda hannunta ya bi da safe. Ko ta ture wata waya ba ta sani ba?

Sai ta dubi Auta, ta tuna lokaci yana ƙurewa. Ta juya ta shiga gida, ta ɗauki wayarta ta kira ƙanenta.

"Duk abin da kake yi ka ajiye ka zo. Kada ka tsaya tambaya."

Kafin ya iso, Gwani ya kwance bayan kwamfutar yana leƙa ciki da fitilar waya, rana kuma tana ta ɗagawa.

Kawu ya yi sallama ya shigo yana haki.

"Yaya, sannu da aiki. Tiyata ake yi ne?"

"Wa ya kira ka?"

"Ni ce," in ji matar.

Kawu bai jira izini ba. Ya mayar da murfin, ya kunna, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Babu abin da ya tsinke a nan. Auta, yaushe ta yi miki aiki na ƙarshe?"

"Jiya da rana, Kawu."

"Daga jiya da rana zuwa yanzu, me aka canza?"

"Yayarka ta goge tebur," in ji Gwani.

"Tsumma ba ya shiga cikin kwamfuta, Yaya. Kwamfutar tana ganin akwatin intanet, akwatin kuma yana aiki, tunda wayoyinku suna shiga. Matsalar tana ciki."

Ya buɗe wani shafi, gargaɗi ya fito. Ya karanta, ya sunkuya ya dubi ƙasan allon, can kusurwar da agogo yake. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya taɓa kwanan watan nan? Kwamfutar nan tana shekarun baya."

Gwani ya gyara tsayuwa, har da ɗan murmushi, ya dubi tela da mai aski.

"Wannan ai ni ne, kuma ba ruwansa da intanet. Dabara ce. Manhajar da nake zanen kati da ita ta ce wa'adin gwajinta ya ƙare. Jiya da yamma na mayar da kwanan wata baya, ta buɗe. Na ma mayar da shi da nisa don kada in riƙa wahala kowane wata. Kai da kake gyara, ka san wannan?"

Kawu ya ɗago ya dube shi, bai yi dariya ba.

"Yaya, kafin manhaja ta yarda ta yi magana da wani waje, sai ta duba shaidarsa, ta gwada da kwanan watan kwamfuta. Taka tana ganin shaidar kowa ba ta fara aiki ba tukuna. Shi ya sa ta ƙi kowa."

Murmushin ya bushe a fuskar Gwani.

Kawu ya gyara kwanan watan, aikin da bai kai shan kofin ruwa ba. Ya danna manhajar, nan take ta buɗe. Auta ta jawo kujera da sauri ta sa lambarta.

Allon ya rubuta cewa an rufe shiga.

Ta karanta, ta sake karantawa.

"Kawu," in ji Auta da ƙaramar murya, "idan aka ɗan mayar da agogon baya, ba za ta buɗe ba?"

"Nasu agogon suke dubawa, 'yata, ba namu ba."

Auta ba ta yi kuka a nan ba. Ta miƙe ta shige gida. Mai aski ya tuna da mutumin da ya bari, tela ma ya fara ja da baya.

Gwani ya zauna a kujerar da 'yarsa ta tashi. A karon farko tun da aka san shi, ya dubi matarsa ya ce, "Yanzu me zan yi?"

"Shekarar yarinyar nan ba ka da yadda za ka dawo da ita," in ji ta. "Aikin asibiti ma wata za a ba. Amma mutanen da ka tara min ba su yi nisa ba. Ka kira su."

Ya fita bakin ƙofa. Muryar da ɗazu ta cika titi, yanzu da ƙyar tela ya ji ta. Suka dawo suka tsaya.

"Ba ita ba ce," in ji Gwani, kansa a ƙasa. "Ni ne."

Matar ba ta tsaya jin sauran ba. Ta shiga wurin 'yarta, ta ja ƙofa.

Darasi: Idan abu ya lalace, ka fara tambayar kanka me hannunka ya taɓa kafin ka nemi wanda za ka ɗora wa. Kiran wanda ya iya tun da wuri ba ya rage wa mutum girma, kuma dabarar kauce wa haƙƙi sau da yawa a kan na gida take fashewa. Ku tura wa duk wanda kuka san bakinsa yana riga tunaninsa, kada ya jawo wa 'ya'yansa irin wannan asara.