Lambar Jakin Tabawa

Tabawa mai sayar da tumatir ta sayi tsohuwar akori-kura, ta je ofishin rajistar motoci neman lamba. Shugaban ofishin, Malam Nalado, mutum ne mai son a sha wahala a gabansa.

Ya ce, "Ba lamba sai na ga motar a ƙofar nan da idona. In kuma ta hau titi ba lamba, na kama ta."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tumatirina zai ruɓe. Ta sama zan kawo ta?"

Ya ce, "Wannan matsalarki ce, Hajiya."

Washegari sai ga motar a ƙofar ofis, wani ƙaton jaki yana janta, Tabawa na zaune a kan buhu tana cin gyaɗa.

Nalado ya fito da gudu. "Na kama ki! Mota a titi ba lamba!"

Ta ce, "Taɓa injin ka ji, sanyi ƙalau. Motar ba ta yi tafiya ba, jaki ne ya yi."

Ya ce, "To duk abin da ya ja kaya a titina sai da lamba, gaba da baya!"

Ta ce, "Gaskiyarka. Wa doka ta ce ya ɗaura?"

Ya bugi ƙirji. "Ni da hannuna!"

Ta ce, "Bismillah. Fara da ta bayan."

Nalado ya zagaya. Jakin ya kwantar da kunnuwa, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana jira.

Nalado ya ja da baya a hankali, ya gyara hula. Ya ce, "Hajiya, lambar motar ce kika ce kina so ko?"