Idon Nomau da Sabuwar Mota

An ce wai a wani gari na manoman albasa an yi wani direba mai suna Nomau, wanda ya tsufa a kan sitiyari. Tun yana saurayi yake jan babbar motar wani attajiri, Alhaji Maiwada, mota mai dogon hanci, irin wadda injinta da tayoyinta ke can gaba, direba na zaune a baya. Ya kai albasa kudu ya dawo da goro da manja har furfura ta cika masa gemu, ko akuya bai taɓa takawa ba.

Ana nan sai Alhaji ya sayo sabuwar mota marar hanci, wadda direba ke zama bisa inji, gilashi a gabansa kamar tagar ɗaki. Wani direba ne ya kawo ta daga birni, Sallau, wanda a irinta ya koyi tuƙi, kuma ya sa rai shi za a bar wa. To amma al'adar tasha ita ce sabuwar mota ta babban direba ce. Don haka Alhaji ya miƙa wa Nomau makulli a gaban jama'a. Nomau bai so ba ko kaɗan, sai dai wa zai mayar da girma a bainar mutane? Ya karɓa ya yi godiya.

Ranar farko aka yi masa lodi. Ya zo kwanar bayan kasuwa, kwanar da ya sha fiye da yadda zai iya tunawa, ya karya sitiyari kamar kullum. Sai ji ya yi rugugum! Gindin motar ya kwashe kusurwar katangar wani gida. Allah ya kiyaye, babu kowa a wurin.

Sallau kuwa me zai jira? Kafin la'asar ya gama tasha da cewa idon tsoho ya mutu. A dokar tashar nan, direban da aka tabbatar idonsa ya mutu karɓe makulli ake yi, kuma babu mai motar da zai sake ba shi wani. Abin ya yi wa Nomau ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi tsorata shi, shi kansa ya fara shakkar idon nasa. Ya riƙa rufe ɗaya yana duban bishiya da ɗayan, yana cewa a ransa, ko dai gaskiyar yaron nan ce?

Aka kai magana gaban Sarkin Tasha Gambo, dattijo mai sanyin magana, wanda ya ja mota iri-iri kafin ƙafa ta zaunar da shi. Alhaji ma ya zo ya zauna.

Sallau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, motar nan ba ta da laifi. Tana juyawa a lungun da mai hanci ba za ta shiga ba, bodinta ya fi tsawo, ya fi cin buhu, direba kuma yana ganin hanya har ƙarƙashin ƙafarsa. Wanda ya daki katanga da irin wannan, ai ba mota za a tuhuma ba. Ina ganin girman Baba, amma rayukan mutane sun fi."

Sarki ya juya ga Nomau. Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban musa ba, ni na rushe katanga. Tsohuwar motata dai na sani: in ta lalace a daji na buɗe hancinta na gyara, zafin inji ba ya dafa ni, ramin hanya ba ya jijjiga min baya. Wannan kuwa ban san yadda aka yi ba. In idona ne, kada a bar ni in kashe ɗan wani."

Sai Sarki ya sa aka kwaso kwandunan tumatir da babu komai a ciki, aka jera su a filin tasha daidai faɗin kwanar nan. Sannan ya ce, "Sallau, kai idonka garau ne. Hau tsohuwar motar Malam Nomau ka sha mana kwanar nan."

Sallau ya yi murmushi ya hau. Ya taho a natse, ya jira sai da kafaɗarsa ta zo daidai kusurwa, yadda ya saba, sannan ya karya. Ina! Hancin motar tuni ya wuce, ya bi ta kan kwandunan gaba ya mitsittsike su. Tasha ta kwashe da dariya, wani ya ce a nemo wa yaro tabarau.

Aka sake jera kwanduna, Sarki ya ce Nomau ya hau. Ya kama sitiyarin tsohuwar motar da ya sani. Ya shige ya fita, ko kwando ɗaya bai motsa ba.

Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "A mai hanci tayoyi suna gabanka, sai ka karya da wuri. A marar hanci kana zaune a kansu, sai ka jinkirta. Malam Nomau ya karya da wuri a motar da ke son jinkiri, Sallau ya jinkirta a motar da ke son sauri. In wannan makanta ce, to makafi biyu gare mu. Marar hanci ta lungun gari ce, Sallau ya riƙe ta. Mai hanci ta doguwar hanya ce, ta koma ga Malam Nomau. Katanga kuwa, Alhaji, kai za ka gina, don kai ka ɗora mutum a kujerar da bai sani ba ka ce girmama shi ka yi."

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Sallau ya zaro tsohon makulli daga motar, ya matso ya miƙa wa Nomau da hannu biyu, ya ce, "Baba, ka yafe ni." Nomau ya karɓa ya damƙe, ya buɗe baki zai amsa, hawaye suka riga shi.

Kafin ka yanke cewa mutum ya gaza, fara duba ko kai ne ka sauya masa kujera.