Makullin Turakar Gidan Inna Marka

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda za ta raba muku kai.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Inna Marka, da mijinta ya rasu ya bar ta a gida mai ɗaki tara. 'Ya'yanta uku duk sun watse neman abinci, gida ya zama daga ita sai ƙadangaru. Kewa ta ishe ta, ga damina na cin katanga. Sai ta yanke shawarar zuba 'yan haya, ɗaki-ɗaki, ban da turakar marigayi.

Inna ba ta san ana neman izini ba. Ta kira magini ya huda tagogi ta baya don iska, ashe tsakar gidan maƙwabcinta Malam Barau tagogin suke kallo, inda iyalinsa ke daka da wanki. Malam ya kai ƙara. Ma'aikatan tsara gari suka zo suka shafa jan fenti a bango, suka ce gidan iyali ba ya komawa gidan haya sai da abu uku: gyara bisa ƙa'ida, yardar maƙwabta, da shaidar mallaka. In wata guda ya cika babu, za a rufe ɗakunan. 'Ya'yan kuwa dama sun ce ba za ta sake damina ita kaɗai ba, Kaduna za su kai ta.

Inna ta yi kuka, ta ce musu, "Nan aka binne cibiyarku. Ku fitar da ni, kun kashe ni da raina."

Babban, Tanimu, magini ne. Ya ajiye aikin da yake yi a birni ya dawo da cebur ɗinsa. Ya toshe tagogin rigima, ya huda wasu ta ciki, ya haƙa masai biyu, ya ja kwata har bakin titi, ya fasa wa 'yan haya ƙofarsu daban. Hannunsa ya yi kanta, bayansa ya riƙe. Da mai duba gini ya zo, ya zagaya sau biyu yana neman aibu, bai samu ba.

Ta tsakiya, Azumi, ta tarar mazan unguwa sun yi rantsuwa ba mai sa hannu, wai gwauraye za a tara musu. Ba ta bi ta zaure ba, don ta san inda ake kwance rantsuwar maza. Ta bi gidajen ta ciki, ta taya wannan tsinkar zogale, ta yi wa waccan kitso, tana faɗa musu 'yan mata masu koyon ungozoma kaɗai za a ba ɗaki. Daga ƙarshe ta durƙusa gaban Malam Barau ta ce, "Baba, mun yi kuskure, a yafe wa Inna." Malam ya yi gyaran murya, shi ya fara dangwala hannu.

Autan, Sallau, wanda kowa ke cewa ba ya iya zama wuri ɗaya, ya buɗe adakar mahaifinsu ya tarar gara ta cinye takardar gida. Ya hau babur ya bi ƙauye uku, har ya gano wani tsoho da aka sayi filin a gabansa. Ya goyo shi zuwa wurin mai unguwa, aka rubuta shaida. Sannan ya dasa kansa a bencin ofishin tsara gari kwana goma sha ɗaya, ana ce masa gobe yana dawowa, har aka buga hatimi ana saura kwana ɗaya.

Aka goge jan fenti. 'Yan mata bakwai suka tare, gida ya cika da hayaƙin girki da surutu. Inna ta samu masu yi mata sannu da masu shan faɗanta, har ƙiba ta yi.

Ran nan ta tara 'ya'yan, ta kwance makullin turaka daga bakin zanenta. Ban da nata, ɗakin nan shi kaɗai ta hana haya, kuma wanda ya riƙe shi, shi ne mai faɗa a ji a gidan bayan ranta. Ta dubi Tanimu, ta dubi Azumi, ta dubi Sallau, hannunta ya kasa miƙuwa.

Ba gyara, ba izini. Ba yardar maƙwabta, gyaran banza ne. Ba takarda, duk an yi aikin baban giwa. To, ku da kuke zaune, a tafin wa Inna Marka za ta sa makullin nan?