Makarar da Almakashi Ya Ɓoye

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai sana'ar tace fim, abokan aikinsa na kiransa Almakashi. Ɗakin aikinsa ko taga babu, daga kwamfuta da lasifika sai kujerar da ta gaji da shi ta lotsa. A nan yake yanke hoto, ya jona murya, ya gyara launi. Gwani ne, wannan ba musu.

Wata rana wani mai haɗa maganin kwalba, irin wanda ake cewa ba cutar da ta gagare shi, ya zo masa da ciniki. Ba talla yake so ba. So yake mutane su tsani asibiti ba tare da an ce musu su tsane shi ba. Almakashi ya yi dariya, ya ce wannan ai kamar shan ruwa ne.

A lokacin yana tace wani shiri mai dogon zango da kowane gida ke kallo. Duk inda likita ya fito, sai ya rage haske, ya sa wani gurnani can ƙasa-ƙasa wanda kunne bai cika kamawa ba, amma gaba na faɗuwa. Ya je bayan masallacin unguwarsu ya ɗauki hoton makara, ya riƙa cusa shi tsakanin hotuna, kafin ƙiftawar ido ya wuce. Inda kuwa kwalbar nan take a kan tebur, sai haske da dariyar jariri.

Mai ɗaukar sauti ya lura, ya ce masa ya ji tsoron Allah. Almakashi ya ce, "Nuna min ƙarya ɗaya da na yi. Ko kalma ban ƙara ba."

Kun ji wayon banza? Shi Shaiɗan kun taɓa jin ya ɗaga murya? Aikinsa waswasi ne, ya jefa maka abu a zuciya ka ɗauka tunaninka ne.

To, mahaifiyar Almakashi tana da ciwon suga, shi yake kai ta ganin likita. Shirin nan kuwa ba ya wuce ta, har maƙwabta take tarawa tana cewa aikin ɗanta ne. Sannu a hankali ta fara kawo uzuri ranar asibiti, yau jiri, gobe baƙi. Ranar da wani ciwo a ƙafarta ya fara wari, ya ɗaga matashinta ya ga kwalbar.

Hankalinsa ya tashi. Ya ɗauko kwamfuta, ya durƙusa gabanta, ya tsayar da hoton daidai kan makarar, ya faɗa mata duk abin da ya aikata. Ta kalle shi da tausayi ta ce, "Ɗan nan, daina wahalar da kanka. Ni ba wanda ya gaya min komai. Jikina ne yake ba ni, in na shiga asibitin nan ba zan fito da ƙafata ba."

Ina zai kama? Ƙaryar da aka faɗa da baki ana iya janye ta da baki. Wannan kuwa ba a faɗe ta ba. Sai da ta daina gane mutane sannan aka iya ɗaukar ta, likita ya ce an zo a makare.

Da aka fito da gawarta, ya sa kafaɗa zai ɗauka, sai ya ga tsagewar da ke jikin katakon makarar. Ya san ta sarai, ya sha ganinta a kwamfutarsa. Nan ya zube. Magana ta fito, aka kore shi daga aiki, ƙannensa ko gaisuwarsa ba sa amsawa.

Ya 'yan uwa, zuciyar mutum amana ce. Wanda ya shige ta ta bayan gida ɓarawo ne, ko da bai furta kalma ba. Kai mai haɗa talla, kai mai tura bidiyo, ka san gidan da abin zai sauka? Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Allah ya kiyaye mu da iyayenmu daga waswasin da ba mu gani, ya kiyaye bayinsa daga sharrin hannunmu. Amin.