Furen Magnoliya da Wuyan Waziri

An ce wani sarki ya yi mulki a gindin duwatsu masu sanyi, inda itacen magnoliya ke fitar da fararen furanni tun kafin ganye. Sarki ya ƙallafa rai ga kallonsu daga benensa, har ya kafa doka: wanda ya tsinki fure ɗaya, a sare hannunsa. Bai tambayi kowa ba, shi da bai taɓa kwana da yunwa ba.

Wata safiya dogarai suka jawo wata mata, Ramlatu, da kwandon furanni. Sarki ya dubi wazirinsa Nu'umanu ya ce, "Kai za ka yanke. In ka sake ta, ka karya dokata, wuyanka zai biya. In ka sare hannunta, alhakin yana kanka."

Nu'umanu ya san sarkin nan ba ya wasa. Ya dubi matar.

Ya ce, "Ke baiwar Allah, me za ki yi da su?"

Ta ce, "Miya, ranka ya daɗe. Ƙarshen sanyi rumbu ba komai. Da su muke raya yara, tun kakanni."

Nu'umanu ya juya. "Ya sarki, don me Allah ya halicci furen nan?"

"Don ido."

"To me ya sa ya yi shi abin ci, alhali ido ba ya tauna?"

Fuskar sarki ta murtuke. Hauni, mai sare kawuna, ya gyara tsayuwa. Waziri ya ci gaba.

"Ya sarki, kafin dokarka, ka taɓa ganin furen da ya rufe dutsen nan ya ragu?"

"Ban taɓa ba."

"Ga shi kuwa kowace shekara ci suke. Rassan ƙasa kawai suke tsinka, na sama su bar wa iri. Kai kuma daga bene na saman kaɗai kake gani."

Sarki ya tashi ya leƙa taga. Dutse fari fat, kamar jiya. Kunya ta rufe shi. Sannan ya sauko, ya ɗauki kwandon da hannunsa ya miƙa wa Ramlatu, ya soke dokar.

Ya ce, "Dokar da ta rage wa talaka, ba ta ƙara wa kowa ba, zalunci ce ko da fure aka yi mata ado."