Katakon da Ba a Juya Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Kaohsiung, heluma ne a wani jirgin dakon kaya, wato shi ke shugabantar mu leburorin saman jirgi. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya a garin nan. Na san shi sarai, domin shekara biyu na yi a ƙarƙashinsa, tun ina da baƙin gashi da haƙora talatin da biyu.

Mutumin nan ya iya aiki, wannan kam ba a ƙwace masa. Amma mugu ne, kuma ɓarawo. Fentin jirgi yakan sayar, igiya yakan sayar, duk muna gani muna kau da kai. Har ranar da aka sa ni duba kwalekwalen ceto. Na buɗe akwatin guzuri, inda ake ajiye biskit da gwangwanayen ruwan sha saboda ranar da jirgi zai nutse. Wayam! Ya sayar, ya cika akwatin da tsummokara.

Ku da kuke aikin teku kun san ma'anar wannan. Mutum ashirin da shida a tsakiyar ruwan gishiri babu ɗigon na sha. Na same shi na ce ya mayar kafin mu bar Busan, tashar Koriya da muke tsaye a lokacin, in ba haka ba zan gaya wa kyaftin. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Sha Yung-kuei, malamin jirgi! Naman alade ba ka ci, giya ba ka sha, ashe tsegumi ne abincinka. To na ji, zan mayar. Jeka gari ka sayo wa matarka tsaraba, sai la'asar za mu tashi."

Ni kuwa sakarai na yi ta murna wai na shiryar da mutum.

A zamaninmu akwai allo a bakin tsanin jirgi, kowa da ɗan katakonsa a rataye da sunansa. Gefe ɗaya fari, gefe ɗaya ja. In za ka sauka gari ka juya ja, in ka dawo ka mayar fari. Kafin a janye tsani mataimakin kyaftin zai dubi allon. In duk fari ne, shi ke nan, ba mai bin ɗaki ɗaki yana ƙirga kawuna. Kuma ba a taɓa katakon wani. Ko masu dambe da juna ba sa yi, abin kunya ne.

Na juya nawa ja na sauka. Ashe an matso da lokacin tashi zuwa azahar, shi ya sani, ni ban sani ba. Ina ba da baya ya mayar da katakona fari.

Da na dawo riƙe da mayafin da na sayo wa matata Pi-yun, sai na tarar da wani jirgi daban a wurin namu. Na yi ta kai da kawo a bakin ruwa kamar kazar da aka kwashe wa 'ya'ya. Na je wurin wakilin kamfani, ya ce jirgi ya aiko da saƙo: heluma ya shaida cewa na daɗe ina shirin gudu, ni na bar katakona fari don kada a neme ni. An rubuta ni gudajje. Takarduna suna can a akwatin kyaftin, 'yan sanda kuma za su zo. Na ce zan zaga bayi, na fice ta ƙofar baya.

Ya 'yan uwa, kun san abin da kalmar nan take yi wa ɗan jirgi? Babu kamfanin da zai sake ɗaukarsa. Kuma wasiƙa za ta je gidansa cewa ya gudu. Pi-yun tana da ciki wata biyar. Me za ta ɗauka, in ba cewa na samu wata a Koriya ba? Na rubuta mata har sau uku, shiru, don ta bar ɗakinmu na haya ta koma gidan wanta. Ban san haka ba a lokacin, na ɗauka ta shafe ni ne.

Wata tsohuwa mai sayar da miyar kifi a kasuwar bakin ruwa ita ta tsince ni, Inna Pyo. Kwana biyu ina zaune kusa da tukunyarta ina shaƙar ƙamshi. Ran na uku ta dangwara mini kwano.

"Ci, ɗan nan, kana kore mini masu saye da wannan fuska taka. In ka gama ga wuƙa, ga kifi. Ba na ciyar da rago."

Wata bakwai ina feɗe mata kifi, ina kwana a bayan rumfa. Da hannu da rabin baki muka fahimci juna har ta san labarina duka. In ta ga ɗan sanda sai ta kifa mini kwando a kai ta hau zagina kamar ɗanta. In na tashi salla ta tsaya gadi tana mita wai Ubangijina ba ya barin mutum ya gama aiki.

Rannan da hantsi masu kai kifi jiragen ruwa suka ce jirgina ya dawo tun jiya. Na ɗauki kwando na bi su, na ja hula har hanci. Niyyata in faɗi gaban kyaftin ko da za a ɗaure ni. Sama ta yi baƙi, iska tana ta kaɗa tutoci, an ce guguwa na tafe, kyaftin ya hana kowa sauka.

Na kai kwandon kicin. Kukunmu, Baba Shui-tu, ya ɗago ya gan ni, ludayi ya faɗi daga hannunsa.

"Kai! Ba ka mutu ba? Wa ya ce ka zo? Jiya masu kifin nan suka yi ta surutu a gaban heluma cewa kana rumfar tsohuwa. In ya gan ka ba za ka kai wurin kyaftin da ƙafarka ba. Shiga nan!"

Ya tura ni ɗakin ajiyar dankali ya kulle. Ban fi rabin sa'a ba na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Inji ya tashi. Hukumar tasha ta ce duk manyan jirage su fita fili kafin guguwa ta iso, kada ta haɗa su da bango. Jirgi ya yi busa sau uku, aka janye tsani.

Ga ni ɓoyayye a jirgin da na yi wa bauta shekara biyu. Kuma na sha jin mutumin nan yana cewa in ya kama wanda ya ɓuya a jirginsa, kifaye za su yi buki. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Duk takun da na ji sai in ce shi ne. Na karanta duk abin da na haddace, har na koma maimaitawa.

Can sai na ji ana ta kiran heluma a lasifika, a zo a ɗaure kaya. Aka kira, aka sake kira. Aka duba ɗakinsa, aka duba ɗakin fenti, aka leƙa ko'ina. Sai ga Baba Shui-tu ya buɗe ƙofa yana haki, yana dariya, hawaye na zuba.

"Fito, malam! Ba ya cikin jirgi! Katakonsa fari fat, shi kuwa babu shi!"

Na zauna a kan buhun dankali na yi ta kuka kamar yaro, ina cewa alhamdu lillahi.

Sauran labarin daga bakin Inna Pyo na ji shi, bayan shekara biyu da na koma gaishe ta. Ashe da na hau ta tsani, shi ya riga ya sulale ta igiyar baya, don an hana sauka. Bai juya katakonsa ba, kada a san ya fita. Ya je rumfarta da ƙarfen nan mai tsini da muke warware igiya da shi, a cikin hannun riga. Ta ga tsinin. Ta ce masa, "Abokinsa ne kai? Zauna, ɗana, yanzu zai dawo." Ta zuba masa miya. Ya tashi, ta ƙara masa. Ita dai so take ta riƙe shi har in ga kyaftin, ba ta san komai game da tashin jirgi ba. Yana kan kwano na uku ya ji busa. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙato ya yi gudu irin wannan ba, har takalmi ya bar mata.

A jirgi kuwa, da aka tabbatar ba ya nan, bakin kowa ya buɗe. Baba Shui-tu ya tsaya gaban kyaftin ya ce da idonsa ya ga an juya katakona, tsoro ne ya hana shi magana wata bakwai. Aka buɗe akwatin kwalekwale, tsummokaran suna nan. Kyaftin ya ƙare musu kallo, ga guguwa tana jijjiga mu. Ya ɗauko littafin jirgi ya soke kalmar nan daga kan sunana a gabana, ya rubuta ta a kan sunan heluma. Ranar kowa ya ci shinkafa kwano biyu, duk da jirgi na tangaɗi.

Na iso gida na sami Pi-yun da jaririya a hannu. Ta dube ni ta ce, "Ina matar taka ta Koriya?" Na ce tana can, shekararta saba'in, warin kifi take yi. Na miƙa mata takardar kyaftin da mayafin nan, wanda shi ma warin kifin yake yi. Ta karanta, ta zauna a ƙasa, ta miƙo mini 'yata.

Heluma kuwa an kama shi, ya yi zaman kurkuku, aka maido shi gida. Babu jirgin da ya sake ɗaukarsa. Cikin mutum ashirin da biyar ba a sami ɗaya da ya ce a sassauta masa ba. Giya ta ƙarasa abin da ya rage.

Ya 'yan uwa, wa ya bar shi a Busan? Ni ina cikin dankali. Kyaftin allo ya duba, kamar yadda ya duba a rana tawa. Mutumin nan shi ya koya wa allon yin ƙarya, ranar da yake bukatar allon ya faɗi gaskiya kuwa ya maimaita abin da aka koya masa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Kada ka ci amanar da rayukan mutane ke rataye a kanta, kada ka shafa wa bawan Allah baƙin suna. Ku kuma masu gani kuna kama bakinku, ku tuna Baba Shui-tu ya ce wata bakwai abinci bai yi masa daɗi ba, shi da yake kuku.

Shekaru bayan haka na gan shi a ƙofar tashar nan tamu, ya tsufa, hankali ya gushe. Na saya masa taliya da zafinta. Bai gane ni ba. Ya kama hannun rigata ya ce, "Ɗan uwa, jirgi za ka? Don Allah ka juya mini katakona ja. Ka ce musu ina ƙasa, su jira ni." Masu gadi suka ce haka yake gaya wa duk wanda ya wuce.

Allah ya kiyaye mu da zaluntar bayinSa, Ya kiyaye mu da sharrin hannayenmu, Ya mai da kowane matafiyi ga iyalinsa da mutuncinsa. Amin.