Yadda Aka Sauke wa Sarewa Kiɗa

Akwai wani mai aski da unguwarsu ta manta ainihin sunansa, yaro da babba Sarewa suke ce masa. Muryarsa ce ta jawo masa sunan. Siririya ce mai tsayi, idan ta hau sama sai mai tafiya ya rage sauri.

Shi ne mawaƙin wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa. Ba su taɓa ƙirƙirar waƙa tasu ba, ba su kuma taɓa cewa za su yi ba. Aikinsu maimaita waƙoƙin sol ne, tsofaffin waƙoƙin nan na ƙetaren teku masu ƙaho da jita da murya mai kama da kuka. Sukan saurari faifai har su haddace shi, sannan su kawo wa mutane shi da ransa.

Tela, mijin ƙanwar Sarewa, shi ke danna fiyano mai lantarki. Birkila na kan ganguna. Direba na riƙe da babbar jita mai kaurin sauti. Sai Mai Ƙaho, wanda ya girme su duka, mutum mai ƙarancin magana da yawan goge ƙahonsa.

A ɗakin ajiya na bayan shagon Tela suke gwaji, tsakanin bandir-bandir na yadi. Sun jingina tsohuwar katifa a jikin ƙofa don kada maƙwabta su kawo ƙara. Ranar Lahadi da yamma kuma su yi wasa a lambun wani otal, inda mutane kan zo da matansu su zauna ƙarƙashin bishiyoyi.

Sarewa yana da doka guda: yadda yake a faifai. Ba ƙari, ba ragi. Ya taɓa tsayar da gwaji don Birkila ya ƙara bugu ɗaya da babu shi a asali.

"Ado na yi mata," in ji Birkila.

"Ka yi wa gininka ado," in ji Sarewa. "Wannan an gama ta tun kafin ka iya riƙe cebur."

Sun yi zamaninsu. Akwai lokacin da sai an ƙaro kujeru daga cikin otal. Daga baya aka samu masu zuwa da na'ura su saki waƙa ba tare da makaɗi ko ɗaya ba, gayyata ta ragu, amma 'yan Lahadi ba su daina zuwa ba. Tare suka yi furfura da makaɗansu. Kuma kowa ya san abin da yake kawo su: gaɓar nan ta ƙarshen waƙa, inda kiɗa ke ɗaukewa, Sarewa ya hau sama shi kaɗai. Ran da babu wannan, babu ƙungiya.

Tela ne ya fara lura. Daga inda yake zaune yana ganin wuyan surukinsa. Jijiyoyi sun fara tashi tun kafin a kai gaɓar. Wata rana Sarewa ya miƙa wa jama'a makirufo daidai wurin, kamar yana so su taya shi. Wata rana ya yi tari. Wata rana ya ce lasifika ce ta lalace.

Sai sauran huɗun suka haɗu ba da shi ba.

"A gaya masa kawai," in ji Direba.

"Kai ka gaya masa," in ji Birkila. "Ni har gobe a wurinsa nake aski. Ba zan ce wa mutum muryarsa ta tsufa ba, sannan in miƙa masa wuyana yana riƙe da reza."

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Duk sun san Sarewa. Idan ya ji, ba zai yi gardama mai tsawo ba. Zai ajiye makirufo ne ya tafi, kuma ba zai dawo ba.

Tela ya nuna musu wani ɗan maɓalli a gefen fiyanonsa. Kowace waƙa tana da tsayin da aka ɗora ta a kai. Idan ya danna maɓallin, kiɗan gaba ɗaya zai sauko mataki guda, yatsunsa kuwa ba za su canza wuri ba. Direba zai sassauta tsirkiyoyinsa su dace. Ganguna ba ruwansu. Mawaƙi zai ji waƙarsa ce yadda ya santa, sai dai saman ya matso kusa.

"Ba zai gane ba?" in ji Direba.

"Daga sautina na farko yake ɗauka," in ji Tela. "Kuma tun da garmahonsa ya lalace bai sake sauraren faya-fayan ba. Ya ce duk suna cikin kansa."

Sai suka juya wajen Mai Ƙaho, don shi ne matsalar. Ƙaho ba shi da irin wannan maɓalli. Idan kiɗa ya sauka, dole ya sake koyon kowace waƙa da sabon dannin yatsu, tun daga farko, kamar bai taɓa busa ta ba.

Mai Ƙaho ya goge ƙahon da ke cinyarsa.

"Ku sauke," ya ce. "Zan koya."

Lahadin da aka fara, Sarewa ya hau gaɓar ya zauna a kanta har sai da mata suka miƙe. Da aka tashi ya juyo yana goge gumi.

"Kun ji abinku? Muryar nan ko tsatsa ba ta yi ba."

"Allah ya ƙara lafiya, Yaya," in ji Tela, yana naɗe waya.

Shekaru suka shuɗe. Jijiyoyin wuyan suka sake tashi, Tela ya sake danna maɓalli. Suka sake tashi, ya sake dannawa, har aka kai sau huɗu. Duk dannawa guda, Mai Ƙaho ya koma farko, ga haƙora sun fara zubewa, ga numfashi ya ragu. Tsirkiyoyin Direba suka yi sako-sako har suna karkarwa a jikin jitar.

Abin da ba su yi tsammani ba shi ne yadda rufin asirin zai kumbura mutumin. A shagon aski, duk wanda ya zauna a kujera sai ya ji labari: sa'o'insa duk sun yi shiru, shi kaɗai ke rera waƙa yadda take a faifai. A wurin gwaji kuma ya fara ƙorafi.

"Kiɗanku ya yi nauyi. Kamar masu jan buhu. Da can yana da haske, yanzu ya dushe. Tsufa ya kama ku, ni kuke ja baya."

Gaskiya ya ji. Kiɗan ya yi nauyi. Bai dai san don wa aka nauyaya shi ba. Birkila ya buɗe baki, Tela ya girgiza masa kai.

Ana nan sai ga wani matashi mai shirya taro. Za a buɗe sabon zauren taro da rana tsaka, yana son Sarewa, amma shi kaɗai. Yana da kiɗan asali a na'urarsa, an cire muryar mawaƙin. Ba ɗaukar kaya, ba tsofaffi a bayansa. Hotonsa zai cika allon talla.

Sarewa ya amsa, sannan ya zo ɗakin gwaji ya sanar da su yana tsaye, ko zama bai yi ba.

"Yanzu zan ji kiɗa na gaske," ya ce. "Ku ma kwa huta."

Washegari da safe Tela ya je shagon aski ya zauna a kujera. Ya bari aka ɗaura masa ƙyalle, aka kunna injin, sannan ya yi magana yana kallon madubi.

"Yaya, kada ka hau kiɗan yaron nan."

"To, an fara."

"Ba abin da kake zato ba ne. Mun daɗe muna sauke maka kiɗa. Abin da kake rerawa ba a tsayin faifai yake ba. Nasa kuwa a tsayin faifai yake."

Injin ya tsaya.

"Ni za ka gaya wa tsayin waƙa? Ni?"

"Idan ba ka yarda ba, ka ce masa ya sauke maka a na'urarsa. Ko ka gwada da shi kafin ranar. Wannan kawai nake roƙo."

"In gwada waƙar da nake rerawa tun kafin ka auri ƙanwata? In je in ce wa sa'an ɗan cikina ya sauke mini?" Ya zare ƙyallen daga wuyan Tela. "Ban san baƙin ciki ya kai ka nan ba. Tashi. Ka je wani ya ƙarasa maka."

Haka Tela ya fito da rabin aski, ya bi titi hannunsa a kansa.

Ranar taro zauren ya cika. 'Yan Lahadi sun zo da kyawawan kayansu. Tela da matarsa suna can baya, kusa da ƙofa.

Kiɗa ya tashi, tsaf, mai haske, yadda Sarewa yake so. Ya yi murmushi ya shiga. Tun layin farko murmushin ya fara janyewa, don inda ya saba taka ƙasa ya ji ba ƙasa. Ya daure ya bi. Da aka kai gaɓar, kiɗa ya ɗauke, ya buɗe baki, muryar ta hau rabi ta tsage. Abin da ya fito ta lasifika ba waƙa ba ne.

Ba wanda ya yi masa ihu. Da an yi ma, da ya fi sauƙi. Tsofaffin masoyansa suka sunkuyar da kai, matasa suka ɗaga wayoyi. Na'ura ba ta jira kowa, ta wuce waƙa ta biyu. Ya gwada ta ƙasa-ƙasa, kiɗa ya binne shi. Ya ajiye makirufo a kan kujera a hankali, ya fita ta ƙofar baya.

Bai rufe shago ba. Ya ci gaba da aski, amma ya kashe rediyon shagon, ya kuma daina labari. Idan ya hango Tela sai ya sauya hanya. Ƙanwarsa ta je, ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya raka ta ƙofa.

Sauran suka gwada wasan Lahadi da kiɗa zalla. Mutane suka zauna, suka tafa, suka tambaya ina Sarewa. Kujeru suka fara zama babu kowa. Mai otal ya ce zai ɗan jira, amma ba zai daɗe ba.

Cikin wannan hali Mai Ƙaho ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Sarewa ya je gaisuwa bayan jama'a sun ragu. Matar marigayin ta sa aka shigo da shi tsakar gida. Ta yi masa godiya, sannan ta nuna wani benci a jikin bango.

"Nan yake zama. Ya ishe mu da busa, mu da maƙwabta. Waƙa ɗaya sai ya wuni a kanta yana kuskure kamar ɗan koyo. Na ce masa, maigida, waƙar da ka tsufa kana busawa, me kuma kake koya? Sai ya ce, Sarewa ne ya ɗan sauko, dole mu sauka mu tarye shi." Ta share ido da gefen mayafinta. "Ni dai ban gane ba. Ku kuka san aikinku."

Sarewa ya zauna a kan bencin.

Daga nan bai koma shago ba. Ya wuce shagon Tela, ya ratsa ta tsakanin kekunan ɗinki, ya tura ƙofar ɗakin ajiya. Su ukun suna ciki suna kwance kaya. Birkila ya riga ya cire ƙafafun ganguna. Direba yana nannaɗe wayoyi don kowa ya kwashe nasa.

Suka tsaya suna kallonsa.

"Sau nawa kuka sauke?" ya tambaya.

"Huɗu, Yaya."

"Duk huɗun Mai Ƙaho ya sake koya?"

"Duk huɗun."

Sarewa ya gyaɗa kai. Ya dubi kujerar Mai Ƙaho da ba kowa a kanta, ya kau da ido.

"Ku yafe mini," ya ce. "Shi kam na makara."

Birkila ya sunkuya ya fara mayar da ƙafafun ganguna. Direba ya warware wayar da ya naɗe. Tela ya yaye ƙyallen da ya rufe fiyano, ya kunna, ya ɗora yatsu.

"Tsaya," in ji Sarewa. "Ko a huɗun nan, ƙarshen yana ja mini wuya. Ƙara ɗaya."

"Yaya?"

"Na ce ka ƙara ɗaya. Ka danna ina gani."

Tela ya danna yana gani.

"Idan aka ci gaba haka," in ji Birkila, "sai mun haƙa rami mu yi kiɗa a ciki."

"Ai kai ne birkila," in ji Sarewa. "Buga."

Suka fara. Da aka zo wurin da ƙaho ke shiga, ba wanda ya cike gurbin. Suka bar shi a buɗe har ya wuce. Sannan Sarewa ya matso kusa da makirufo, ya shiga da muryar da yake da ita.

Darasi: Kafin ka yi alfahari da cewa kai kaɗai ne ba ka gaza ba, ka waiwaya ka ga su wa suka rage maka nauyi ba tare da sun faɗa ba. Wanda ya raina masu rufa masa asiri, da hannunsa zai yaye rufin. Ka gode musu tun suna iya jin godiyar. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman wanda kuka san ya daɗe yana saukowa don ya tarye ku.